An canja wa agogon mahaifina fuska a wajen sabis alhali ban ce a yi ba, ya zan yi?

Magaji:
Assalamu alaikum 'yan gida. Shawara nake nema don Allah, kuma raina a ɓace yake, ku yi haƙuri in rubutun ya yi tsawo. Akwai agogon hannu na marigayi mahaifina, ɗan Suwizalan ne na shekarun 1970, irin mai wana kansa in hannu na motsi, to ya fara latti yana kuma tsayawa cikin dare shi ne na kai shi wani babban wurin gyara a yi masa sabis. Da bakina na gaya wa wadda ta karɓa cewa injin kawai nake so a wanke a sa mai, kar a taɓa jikin kar a taɓa fuskar, ta ce ba damuwa. Yau suka kira ni na je, ana buɗe akwatin sai na ga kamar ba namu ba, fuskar sabuwa fil fara tas alhali tamu ta riga ta juya ta yi ruwan madara saboda shekaru, hannayen ma sababbi, jikin kuma an goge shi da inji sai ƙyalli yake, har wani ƙarce da ke gefen ƙarfe tara wanda na sani tun ina yaro ya tafi. Na ce ina tsofaffin da kuka cire, aka ce sai an tambayi ɗakin gyara. Ban biya ba ban karɓa ba na taho gida. Kuma a lissafin sun haɗa har kuɗin fuskar da hannayen da ban ce a sa ba. Ta ina zan fara?

Admin:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Kafin a ci gaba, don Allah kar a ambaci sunan wurin ko na ma'aikaciyar, ɓangare ɗaya muka ji tukuna.

Baba Mai Agogo:
Ɗana Allah ya jiƙan mahaifinka. Ka yi daidai da ba ka karɓa ba. Yanzu kar ka kwana, a daren nan ka rubuta musu saƙo, imel ko WhatsApp duk wanda kuke magana ta shi, ka ce kana so a ajiye maka tsohuwar fuska da hannaye da gilashi da duk abin da aka cire, kar a zubar kar a mayar wa kamfani, kuma a dakata da duk wani aiki a kan agogon. Wannan shi ne na gaggawa. Faɗa da neman diyya duk za su iya jira zuwa jibi amma tsohuwar fuskar nan in ta bar ginin to ta tafi kenan.

Sannan ka raba abin biyu a ranka. Fuska da hannaye in suna nan aikin ɗan lokaci ne a mayar da su inda suke. Gogewar jiki ita ce ba ta komawa, ƙarfen da inji ya cinye ya ciwu.

Sadauki77:
Wlh ni da ni ne da tuni na sa hotonsu a Facebook da sunansu duniya ta gani. Wannan ai cin amana ne ƙiri-ƙiri, ka ba mutum kayan gado ya yi yadda ya ga dama sannan ya miƙo maka lissafi. Haba!

Barista:
@Sadauki77 in ya yi haka yanzu ya rufe wa kansa ƙofa ƙanina. Fuskar tana hannunsu, agogon ma yana hannunsu, kuma daga ranar da ya zarge su a bainar jama'a ba manaja zai ƙara amsa masa ba, lauyansu ne. A bari tukuna.

@Magaji tambayoyi uku gare ni. Rasit ɗin da suka ba ka ranar da ka kai, me aka rubuta a kai, gaba da baya har ƙananan rubutun nan na ƙasa? Sun turo maka ƙiyasin kuɗi kafin su fara, in eh me ke ciki kuma me ka amsa? Kana da hoton agogon kafin ka kai shi?

Injiniya:
Ni fa zan faɗi abin da ba za a so ji ba. Ba wai ina goyon bayan abin da aka yi ba ne amma ku daina ɗaukan masu gyaran nan kamar da gangan suke ɓata wa mutane kaya. A wajensu kalmar cikakken sabis tana nufin agogo ya fita kamar ranar da aka ƙera shi, yana tafiya daidai, ruwa ba ya shiga, kuma su za su ba da garanti a kai, kamfanonin Rolex da Omega dukansu garantin shekara 2 suke bayarwa bayan sabis. To ka duba hannayen agogo na shekarun 1970, sinadarin nan mai haske da dare da aka shafa a jikinsu ya bushe ya tsattsage, da an cire hannun sai ya fara zuba gari-gari, garin nan in ya faɗa cikin inji ya haɗu da sabon mai ya gama da aikin da aka yi, bayan wata shida mai agogo ya dawo yana faɗa wai sabis bai yi ba. Wa zai ɗau asarar? Su. Shi ya sa suke canjawa. Haka maɓallin wani, wato wanda ake wana agogon da shi, da robar da ke tare ruwa da gilashi, in ba a canja ba agogon ba zai ci gwajin ruwa ba.

Ummu Safiyya:
@Injiniya duk abin da ka faɗa dalili ne na su kira shi su tambaye shi, ba dalili ba ne na su yanke masa hukunci. Da sun ɗaga waya sun ce Malam hannayen nan suna zuba, ko mu canja ko mu bar su amma ba garanti, ai shi zai zaɓa. Ƙila ma ya ce a canja. Abin da ke min ciwo a irin wannan shi ne ana ɗauka sabo ya fi tsoho a wajen kowa, alhali wannan bawan Allah ba agogon duba lokaci ya rasa ba, wayarsa ma na nuna lokaci. Fuskar da babansa ya yi ta kallo shekara da shekaru ita yake so.

Injiniya:
Na yarda Hajiya, a kan tambaya kam ba musu. Ina dai so ya shiga wurin da sanin cewa suna da hujjar da za su kawo a kan hannayen, kar ya zaci za su yi shiru. A kan fuskar da gogewar kuwa ban ga hujjarsu ba, sai dai in fuskar ma fentinta na ɓarewa.

Mai Tara Tsofaffi:
@Magaji in kana da tsohon hoto ka ƙara girmansa ka dubi can ƙasan fuskar, ƙarƙashin ƙarfe shida. A yawancin agogunan Suwizalan na wancan lokacin za ka ga T SWISS T ko T SWISS MADE T ko SWISS T<25. Wannan T ɗin alamar tiritiyom ce, sinadarin da ake haɗawa da fentin don ya yi haske, kuma ƙarfinsa na raguwa da rabi duk bayan shekara 12 da 'yan watanni, shi ya sa na shekarun 1970 yanzu ba ya haske ko kaɗan, sai dai launin ya koma ruwan madara ko ruwan ƙasa-ƙasa. Wajen 1998 kamfanonin suka bar shi suka koma Luminova wanda wani kamfanin Japan mai suna Nemoto ya ƙirƙiro, shi ba ya tsufa haka, fari ko kore-kore yake zama kuma in ka haska masa fitila ya yi ta walƙiya. Sabuwar fuskar da aka sa maka kusan tabbas ba ta da T ɗin nan. Wannan ita ce hujjarka mafi sauƙi cewa ba irin abin da ka kai ba ne aka dawo maka da shi, ko da su ce ai ta kamfani ce orijinal. Eh orijinal ce amma ba ta zamanin agogon ba.

Kuma maganar daraja ba son zuciya ba ce kawai. A wajen masu saye fuska ita ce kan gaba a kuɗin tsohon agogo. Akwai tsofaffin Speedmaster, wani samfurin agogon Omega, da baƙar fuskarsu ta ƙone ta koma ruwan ƙasa saboda rana da shekaru, abin da kamfani zai kira lalacewa, su ne ake rububi a kansu. Har ɗigo ɗaya a zoben waje da ke kewaye da gilashinsu, wanda ke saman lamba 90 a na kafin wajen 1970, ana bambance farashi da shi. Agogon Rolex samfurin Daytona na ɗan fim ɗin nan na Amurka Paul Newman an sayar da shi a 2017 sama da dala miliyan 17, kuma irin fuskarsa ce ma har yau ake kira da sunansa. Ban ce naka zai kai ko kusa ba, ina nuna maka ne cewa in ka ce canjin ya rage masa daraja ba ƙirƙira ka yi ba, abu ne da kasuwa ta sani.

Ɗalibi:
Gafara dai manya, ni sabo ne a harkar. Na gane ta fuska amma gogewa fa? Ni a ganina in an goge ƙarce ya tafi ai gyara ne, me ya ɓaci?

Baba Mai Agogo:
@Ɗalibi tambaya mai kyau. Ƙarce rami ne a jikin ƙarfe, ba datti ba ne da ake wankewa. Don ya ɓace sai an kankare duk ƙarfen da ke kewaye da shi har ya sauko daidai da zurfin ramin. Kamar wuƙa ce, duk wasawa tana cin jikinta, wata rana ka ga ta sirance. To ka ɗauki tsohon agogo da ba a taɓa gogewa ba ka dube shi ta gefe, ƙahonin nan huɗu da madauri ke kamawa kaurinsu ɗaya, bakinsu da kaifi har in ka shafa da yatsa za ka ji, sama an yi masa zane-zanen layi sirara gefe kuma sumul, tsakaninsu akwai wani siririn yanka mai ɗaukar haske. Da an manna shi a keken gogewa, musamman in yaro ne mai sauri, kaifin nan ya narke ya zama dunƙule, yankan ya ɓace, ƙaho ɗaya ya fi ɗaya siranta, ramin da sandar madauri ke shiga ya matso bakin ƙarfe. Lambar da aka zana a bayan murfi ma ta dushe. Mai saye da ya san abin daga nesa zai gane.

Akwai masu iyawa fa, da injin da ke riƙe kusurwa daidai, su cire kaɗan ƙwarai. Amma ko gwanin ne ba ya gogewa sai mai abu ya ce.

Magaji:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Baba na tura saƙon tun ɗazu kamar yadda ka ce. @Barista ga abin da na samu. A rasit an rubuta cikakken sabis kawai, wurin da aka bari na bayanin mai kaya ba komai a ciki, a baya kuma cikin ƙananan rubutu akwai inda suka ce za su iya canja duk abin da suka ga ya lalace. Ƙiyasin da suka turo jimillar kuɗi ce layi ɗaya, ba a jero komai ba, na amsa cewa su ci gaba amma a ƙarƙashi na ƙara da cewa don Allah kar a goge jikin, suka amsa da to an ji. Maganar fuska da baki ce kawai ba ta cikin saƙon. Hoto kuwa akwai da yawa, har wanda na ɗauka a kan teburinsu ranar da na kai, kuma T ɗin da Oga Mai Tara ya faɗa tana nan a jiki.

Barista:
Madalla, ka fi yadda na zata ƙarfi. Abin da ba ya gyaruwa shi ne kake da hujjarsa a rubuce, sun karanta sun amsa sannan suka saɓa. Wannan ba sai an yi dogon musu ba.

Ta fuskar ce za a ja. Za su nuna maka rubutun bayan rasit. Amsarka ita ce rubutun ya ce abin da ya lalace, to su nuna maka lalacewar, tsufan launi ba lalacewa ba ne kuma ba ya hana inji tafiya, ga hoton ranar da ka kai. Sannan ƙiyasin bai ambaci sabuwar fuska ba, ba ka amince da abin da ba a gaya maka ba. Ka nemi su ba ka kwafin katin aikin, wanda mai gyaran ke rubuta abin da ya gani da abin da ya yi, sau tari a nan ake gano cewa saƙon mai kaya bai taɓa isa ɗakin gyara ba, ya tsaya a teburin mai karɓa.

Doka kuwa kowace ƙasa da tata, sai ka duba ta inda kake, amma tushen kusan ɗaya ne. Misali a Birtaniya dokar haƙƙin masu saye ta 2015 ta ce dole mai aiki ya yi shi da kulawa da ƙwarewar da ta dace, kuma abin da ya faɗa ko ya rubuta wa mai kaya har mai kayan ya dogara da shi yana shiga cikin yarjejeniya, in ya saɓa sai ya sake aikin da kuɗinsa ko ya rage farashi. Ƙasashe da yawa suna da hukumar kare masu saye da ƙaramar kotu ta ƙananan ƙararraki wadda ba sai da lauya ba. Amma waɗannan na ƙarshe ne. Fara da takarda ɗaya zuwa ga manaja, ba zagi ba dogon labari, ranar da ka kai, abin da ka ce, abin da suka amsa, abin da ka tarar, abin da kake so, da wa'adin amsa kamar sati biyu. Duk maganar da kuka yi ta waya kana ajiyewa ka tura saƙo ka ce kamar yadda muka yi magana yanzu kun ce kaza.

Sadauki77:
To me zai ce yana so? Ni dai a ganina kar ya biya ko sisi kuma su biya shi kuɗin agogon gaba ɗaya.

Injiniya:
A'a wannan kuma ya wuce gona da iri, kuma in ya nemi haka sai su ɗauke shi mai neman banza su daina sauraronsa. In an wanke injin da gaske an canja sifirin an sa mai an saita, aiki ne an yi kuma shi ya ce a yi. Ya nemi takardar gwajin da na'urar auna bugun agogo ke fitarwa, za ta nuna sakan nawa yake ƙarawa ko ragewa a rana da ƙarfin lilon ɗan ƙarfen nan mai kai da komowa a cikin inji, in lafiyayye ne yana kwance an wana shi ya cika ana ganin wajen digiri 270 zuwa 300. In wannan ya yi kyau to kuɗin inji halalinsu ne. Kuɗin fuska da hannaye a soke. Gogewa kuma a yi maganar diyya daban.

Ummu Safiyya:
Ni kuma ina ganin ko kuɗin injin ma ya kamata su yafe, shi ne mafi sauƙin hanyar da za su nuna sun san sun yi ɓarna. Don in ana maganar diyyar gogewa nawa za a ce? Wa zai ƙiyasta?

Mai Tara Tsofaffi:
Ana ƙiyastawa Hajiya. Ya samu wani mai sayar da tsofaffin agoguna ko ɗan gwanjo da ba shi da alaƙa da wurin, ya ba shi hotunan da da na yanzu, ya rubuta masa nawa irin wannan ke yi ba a goge ba nawa kuma yake yi a goge. Bambancin shi ne asarar da za a iya nunawa a takarda. Sai dai gaskiya in agogon ba cikin waɗanda ake rububi yake ba bambancin zai iya fitowa kaɗan, har bai kai kuɗin sabis ɗin ba, to a nan shawararki ta yafe kuɗin aiki ta fi masa. Ya fara sanin lambar kafin ya zaɓi wanda zai nema.

Malam Ladan:
Assalamu alaikum. Ina so in ƙara abu ɗaya don kar ɗan'uwanmu ya ji kamar neman haƙƙinsa rashin haƙuri ne. A fiƙihun Malikiyya mai sana'ar da ya buɗe wa jama'a ƙofa yana karɓar kayansu yana aiki a bayan idonsu, lamunin kayan yana wuyansa, kuma an yi haka ne don maslahar mutane tunda ba su da yadda za su yi sai sun miƙa kayansu. Balle inda aka ce masa kar ka yi kaza ya yi, wannan ƙetare iyaka ne. Don haka ya nema babu laifi. In daga baya ya ga dama ya yafe wani abu lada ne gare shi, amma yafiya tana zuwa ne bayan an amsa laifi an dawo da abin da zai dawu. Kuma a tausasa wa yarinyar da ta karɓa, wataƙila tsarin wurin ne bai ba ta hanyar isar da saƙon ba.

Ɗalibi:
Wai su kamfanonin ba dole ba ne su dawo wa mutum da tsohon kayansa? Ai nasa ne.

Mai Tara Tsofaffi:
A nan ma ana rigima sosai. Kowane kamfani da tsarinsa. Omega an san su da dawo da tsofaffin kayan a 'yar leda tare da agogon. Rolex kuwa galibi musaya suke yi, su ba ka sabo su riƙe tsohon, dalilinsu kar kayan su shiga kasuwa a haɗa jabu da su ko a yi agogon haɗe-haɗe. Dalilin yana da ƙamshin gaskiya amma ni ban gamsu ba, na biya kuɗin sabon kuma tsohon ma da kuɗi aka saye shi tun farko. Shi ya sa nake cewa a tambaya kafin a miƙa. Abin da ya ƙara ƙuntata wa mutane shi ne manyan kamfanonin sun rage sayar wa masu gyara masu zaman kansu safaya, rukunin Swatch mai Omega da Longines da Tissot ya tsuke nasa tun wajen 2016, to wani lokaci dole ka je wurinsu ko da ba ka so.

Baba Mai Agogo:
Amma kar a ɗauka mu masu zaman kanmu waliyyai ne. A cikinmu akwai mai yanke ƙafafun fuska, 'yan sanduna biyun nan na baya da ke shiga inji, ya manna ta da gam don ba ta zauna masa ba. Akwai mai aika fuska a kankare a sake mata fenti da rubutu, wannan ya fi canjawa muni don ta asalin ce aka kashe. Ni abin da nake yi a teburina, in aka kawo tsohon agogo sai na ɗau hotonsa gaba da baya da gefe a gaban mai shi, mu rubuta tare, gogewa eh ko a'a, fuska eh ko a'a, hannaye, gilashi, maɓallin wani, zobe, tsofaffin kaya a dawo da su, in na buɗe na ga wani abu zan kira kafin in taɓa, mu sa hannu mu biyu. Wanda ya ce kar a canja roba da maɓalli sai in rubuta masa cewa ban ɗau alhakin shigar ruwa ba. Duk wurin da ka kai agogo suka ƙi rubuta maka wannan, ɗauki abinka ka fita.

Wani abu kuma ga masu agogunan da suka girmi 1960, yawancin masu haske da dare a cikinsu sinadarin radiyom ne a fuskar ba tiritiyom ba, shi kuma sai shekara 1600 ƙarfinsa ke raguwa da rabi, ko ya daina haske yana nan da dafinsa, garinsa bai kamata a shaƙa ba. A irin wannan in mai gyara ya ce ba zai taɓa ba ko ba zai ba ka fuskar a buɗe ba, ba wulaƙanci ba ne. Na Magaji dai ba ya ciki.

Magaji:
Jama'a sun amsa da safen nan. Manajan da kansa ya kira, sannan na sa ya rubuto. Ya ce fuskar tana nan ba a mayar ba, hannayen ma suna nan amma na minti sinadarinsa ya fashe wajen cirewa rabi ya zube. Ya amsa cewa saƙon kar a goge bai shiga katin aiki ba, ya ba da haƙuri. Tayinsu shi ne su mayar da tsohuwar fuska kyauta su soke kuɗinta, hannaye in zaɓa, jikin kuma wai za su aika a cike shi da waldar leza a sake fito masa da kusurwoyinsa da kuɗinsu. Bai ce komai ba a kan kuɗin sabis. Me kuka gani?

Sadauki77:
Alhamdulillah da fuskar ta samu. Gsky na ji daɗi. Amma ni ban yarda su ƙara taɓa shi ba, ya karɓi kayan a leda ya kai wa wani.

Injiniya:
In ya kai wa wani ya buɗe, garantin sabis ɗin ya tashi fa, ya sani. Ni ina ganin su mayar, su suka san yadda suka cire, kuma yanzu idon manaja na kai ba wanda zai yi wasa. Waldar leza kuma in gwani ne ya yi abin mamaki ce, ana ɗora ƙarfe ɗigo-ɗigo inda ya cinye ba tare da jikin ya ɗau zafi ba, sannan a yanke shi daidai.

Baba Mai Agogo:
Ta mayar da fuska ina tare da Injiniya. Ta leza kuwa a'a ɗana, kar ka yi gaggawa. Leza tana da amfani inda ƙaho ya cinye sosai ko tsatsa ta huda, amma sabon ƙarfe ne za a ɗora a sake kankarewa, wato a ƙara nisanta shi daga yadda ka san shi. Abin da ka rasa ba zai dawo ta nan ba. Ka fara ganin jikin da idonka a hasken rana ka gwada da hotunanka, in ƙahonin suna nan da kaurinsu ka bar shi haka, sawa a hannu za ta kashe ƙyallin da kanta. Kuɗin da za su kashe a leza su sauke maka shi daga kuɗin sabis.

Hannun mintin kuma akwai hanya ta uku, ana shafa wani siririn gam ta bayansa ya riƙe sauran sinadarin kar ya ƙara zuba, inda ya zube a cike da wanda aka haɗa launinsa ya dace da tsohon. Ka tambaye su ko suna yi. In ba sa yi gara ka sa a mayar da tsofaffin biyu a haka bayan an tsayar da zubar, da a bar maka farare a kan fuska mai ruwan madara, ba za su taɓa dacewa ba.

Barista:
Duk abin da kuka daidaita a kai ya shiga takarda ɗaya kafin a sake buɗe agogon, abin da za a mayar, abin da ba za a taɓa ba, nawa za ka biya, garantin inji yana nan ko an cire wani abu daga ciki, da ranar karɓa. In suka kawo takardar da ke cewa ka janye duk wata magana har abada, kar ka sa hannu sai ranar da agogon ya dawo ka duba ka gamsu.

Baba Mai Agogo:
Kuma kafin su mayar ka ce a nuna maka fuskar a waje. Ka je da madubin ƙara girma da hotunanka, ka dubi T ɗin, ka dubi ɗigon hasken kowace awa ko duk suna nan, ka dubi kewayen ramin tsakiya don a nan abin cire hannu ke barin tabo in ba a sa kariya ba, sannan a juya ta ka ga ƙafafun biyu ba a yanke ba. Kar ka taɓa gabanta da yatsa, ta gefe ake riƙewa. In ka ga wani tabon da babu shi a hoton ranar da ka kai, ka ɗauka a nan take a gabansu ka sa a rubuta a takardar.